Karatu Ba Makiyayi

Da hutun da ya wuce wani ɗan ƙanwata ya zo gida Adabka daga jami'a, inda ya ke shekara ta biyu yana koyon ilimin kiwon lafiyar jama'a. Ran nan da la'asar na same shi a zaure ya baje takardu bisa tabarma, na ce ya karanta mini in ji irin abin da a ke koya musu. Yaro ya gyara zama ya kama. Wallahi da daga bayan danga ka ji shi, sai ka rantse mai karanta labarun duniya ne a rediyo. Ba tuntuɓe, ba in'ina, ya zuba shafi uku cur na Ingilishi, ya ɗaga kai yana jiran yabo.

Na ce, "Madalla. To, me suka ce?"

Ya ce, "Kawu, maganar guba ce, wata babbar guba wadda ta ke gaba da sauran, da yadda ta ke shiga jinin yara."

Na ce, "Wace guba ce wannan?"

Ya ce ai ba su faɗi sunanta ba.

Sun faɗa kuwa, kusan a kowane layi. Akwai wata 'yar kalmar Ingilishi mai baƙi huɗu, lead, wadda in an ja wasalinta ma'anarta ja-gora, in an taƙaita shi ma'anarta dalma. Rubutu ɗaya, lafazi biyu. Yaro ya ɗauki ta farko ya yi ta tafiya da ita. Alhali kuwa takardar nan tana maganar haƙar zinariya, da niƙan dutse a cikin gida da injin niƙan hatsi, da ƙura, da jarirai masu rarrafe suna kai hannu baki. Wane ɗan ƙasar Bukkuyum ne bai san wannan labari ba? A cikin 2010 aka gano gubar dalma a 'Yargalma da Tungar Guru a nan wajenmu, da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, yara fiye da 400 suka riga mu gidan gaskiya. Wannan yaro yana da dangi a 'Yargalma. Da da Hausa aka yi masa maganar, da shi zai ƙarasa ta. Amma da ya ke da Ingilishi ta zo, sai ya tuɓe duk abin da ya sani ya ajiye a ƙofa kamar takalmi, ya shiga karatu ƙafa ba kome.

Ni ban ga laifinsa ba don ya rikita kalma ɗaya. Harshen baƙo ne, kowa yana ɓata a cikinsa, har malamansa. Abin da ya hana ni barci daren nan shi ne, ya yi tafiyar shafi uku a ɓace, bai kuwa san ya ɓata ba. Matafiyin da ya saki hanyar Gummi ya san ya saki, da sauƙi, zai tsaya ya yi tambaya. Wanda ya saki hanya yana tafe yana fito da murna, shi ne dare ke riska a daji. Ina cewa, ba tare da shakka ba, wannan ita ce babbar cutar da ke damun 'ya'yanmu masu koyon Ingilishi a jami'a, kuma hanyar da a ke bi wajen koyar da su da jarraba su tana ciyar da cutar, ba ta kashe ta.

Masu nazarin halin ɗan Adam suna da suna ga abin da yaron nan ya rasa. Wani malami Ba'amurke, John Flavell, shi ya fito da sunan a cikin 1976, ya ƙara bayyana shi a 1979, ma'anarsa kuwa tunani a kan tunani, watau mutum ya san abin da ya sani, ya san abin da bai sani ba, ya kuma san abin yi in hankalinsa ya cije. Ni dai da Hausa na fi so in kira shi kiwon hankali. Dubi makiyayi da safe, kafin ya kora ya riga ya shirya inda za shi da inda zai shayar. Yana tafe idonsa na kan garke, ba ya jiran magariba kafin ya lura wata ta ratse. In ta ratse ya san dabarar komo da ita, ko kira, ko sanda, ko ya koma da baya ya bi sawu. Da yamma kuma ya duba ko sun ƙoshi. Haka mai karatu na gaskiya ya ke. Kafin ya fara ya kan tambayi kansa don me zai karanta wannan, da abin da ya riga ya sani a kansa. Yana cikin karatu wani sashe na hankalinsa yana gefe yana tsaro, da ma'ana ta yanke sai ya ji a jikinsa, ya rage sauri, ya koma baya, ko ya ci gaba kaɗan ya ga ko gaba za ta warware. In ya gama ya rufe littafi ya ga abin da ya rage masa. Ɗan ƙanwata yana da shanu, yana da sanda, makiyayin ne ba ya nan.

Kada wani ya yi saurin cewa ai halin 'yan Arewa ne, ko na 'yan ƙauye. A 1979 wata malama a Amurka, Ellen Markman, ta sa aka karanta wa yara 'yan firamare gajerun labarai da aka dasa wa saɓani da gangan. A ɗaya daga ciki an ce ba haske ko kaɗan a ƙarƙashin teku, kifi kuma ba ya gani sai da haske, sa'an nan aka ce kifayen can da launi su ke gane abincinsu. Yara da yawa suka ce labari ya yi daidai. A 1982 Arthur Glenberg da abokan aikinsa suka gwada irin wannan ga ɗaliban jami'a, masu karatu da harshen da suka sha a nono, har aka gargaɗe su cewa akwai saɓani su nema. Duk da haka waɗansu da dama suka wuce ta kansa, suka kuma ba da shaida cewa sun fahimta sarai. To, in wanda aka haifa cikin Ingilishi yana ruɗin kansa haka, ina ga ɗan Zugu ko Gwashi wanda bai fara jin Ingilishi na kirki ba sai da ya shiga sakandare? Cutar ta kowa ce. Bambancin kurum shi ne, waɗansu sun tashi neman magani, mu kuwa mun tsaya neman wanda za mu ɗora wa laifi.

Wanda a ke fara ɗora wa shi ne malamin allo. Sau nawa na ji 'yan boko, masu digiri bisa digiri, suna cewa makarantar allo ce ta saba wa yaranmu hadda ba fahimta, shi ya sa su ke karatun aku a jami'a? Wannan magana ta wanda bai taɓa zama a zaure ba ce. Allo aikinsa dabam ne, an kafa shi don tsare lafazin Alƙur'ani kada ya sāke, ya kuwa yi aikinsa. Amma wanda ya sauke ya shiga karatun littattafai, ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, wata hanya ya ke bi dabam. Kafin ya je gaban malam ya kan yi muɗala'a, watau ya duba darasin gobe shi kaɗai, ya ga inda ya fi ƙarfinsa. In ya zauna shi ke jan baƙi, malam na fassara masa gaɓa gaɓa da Hausa, kuma galiban shi almajirin ne ke tsayawa in ya ga ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Ka ga an bar masa awon cikinsa a hannunsa. In ya tashi ya nemi 'yan'uwansa su yi muraja'a, wannan ya maimaita, wancan ya gyara masa. Dubi gefen tsofaffin littattafan kakanninmu, cike su ke da ƙananan rubuce-rubuce, nan ma'anar kalma da ajami, can alamar wurin da aka yi shakka. Wannan duk sawun makiyayi ne.

Ba kuwa jiya aka fara ba. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ya yi kimanin shekara 800 a duniya, har yau kuma a ke karanta shi a zaurukanmu, ya hori mafari ya ɗauki darasi kaɗan gwargwadon abin da zai iya riƙewa, ya hana shi rubuta abin da bai gane ba, ya kuma kwaɗaitar da shi yin muhawara da abokan karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana karantarwa, yana yi wa jama'a bayani da harshen da su ke ji. Ban ce zaure ba shi da nasa akun ba. Akwai masu haddace fassarar malam kamar yadda a ke haddace baƙi, in ka juya musu tambaya sai su yi zuru. Amma hanyar kanta an gina ta da birki. Abin mamaki, mun bar mota mai birki a gida, mun hau wadda ba ta da shi, sa'an nan muna zagin ta gida.

Mu zo ga inda laifin ya ke. Yaro ya kan shiga jami'a ne ta ƙofar jarrabawar JAMB, wadda Ingilishi ke cikinta tilas, amsa kuwa zaɓen ɗaya ce cikin huɗu. Masu horon yara don wannan jarrabawa sun daɗe da gano dabara: karanta tambaya tukuna, ka nemi kalmar da ta yi kama da ita a cikin nassin, ka zaɓi amsar da ke kusa. Ana cin maki da haka, ba a kuwa karanta kome ba. Da ya shiga sai a tara shi da ɗaruruwan 'yan'uwansa a babban ɗaki domin darasin Ingilishi na bai ɗaya, malami guda yana magana da lasifika, na baya ba su ko ganin allo. A nan za a faɗa musu sunayen irin-irin karatu, da ma'anar kowanne, su rubuta, su haddace, a tambaye su ma'anar a jarrabawa. Kai jama'a! Wannan da koya wa mutum iyo a kan tudu ina bambanci? Ɗalibi zai iya kawo maka ta'arifin karatun fahimta ba kuskure ko ɗaya, bai kuwa fahimci ta'arifin ba.

Sauran darussa kuma sai handawut, watau 'yan takardun da malami ya taƙaita ya raba. Ba na zargin malamai duka, na san mai ɗalibi 500 da albashin da ba ya kai ƙarshen wata ba shi da lokacin zama da kowa. Amma a faɗi gaskiya, akwai waɗanda in ka mayar musu da maganarsu baƙi da baƙi su ba ka maki cikakke, in ka faɗi ma'anar da kalmominka su soke. Yaro ba wawa ba ne. Da ya ga abin da kasuwa ke saye, shi zai kai. Don me zai tsaya ya tambayi kansa ko ya gane, tun da ba wanda zai tambaye shi? Tsayawar ma hasara ce gare shi, gama abokinsa mai hadda ya riga ya yi shafi goma. Mu muka kori makiyayin da hannunmu, muka biya lada ga wanda ya kore shi.

Akwai kuma wata jama'a da na ke da magana da su, su ne masu bincike. A 2002 Kouider Mokhtari da Ravi Sheorey suka tsara wata takardar tambayoyi 30 domin masu koyon Ingilishi, ɗalibi ya nuna daga 1 zuwa 5 yawan yadda ya ke aiki da kowace dabara, kamar komawa baya in abu ya yi wuya, ko duba fasalin nassi kafin a fara. Takarda ce mai amfani a wurinta, masu ita kuma sun bayyana cewa abin da ɗalibi ya ce yana yi ta ke aunawa. Amma ta zama abin hawan mai neman digiri cikin sauƙi. A raba ta a aji, a tara, a zuba a kwamfuta, a fito da sakamako cewa ɗalibai suna aiki da dabaru ƙwarai. Da an ba ɗan ƙanwata wannan takarda da la'asar ɗin nan, na tabbata 5 zai yi ta zabgawa, kuma ba ƙarya zai yi ba, iyakar saninsa ke nan. Cutar da alamarta ita ce mai ita bai san yana da ita ba, yaya za a auna ta da tambayar majinyaci? Balle takardar ma da Ingilishi ta ke, sai ya fahimce ta kafin ya amsa. Mai son gaskiya ya zauna da ɗalibi guda, ya ba shi shafi, ya ce ya riƙa faɗin abin da ke zuwa zuciyarsa yana karatu, da Hausa in ya so. Ko ya dasa masa saɓani irin na Markman ya ga ko zai yi turus. Ɗalibi 20 da aka zauna da su haka sun fi 2,000 da aka raba wa takarda.

Maganin kuwa an san shi, ba ya bukatar gini ko injin. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown suka ba da labarin gwajin da suka yi da yara waɗanda bakinsu ya iya karatu amma fahimta ba ta samu ba, watau irin nawa. Suka zaunar da su ƙungiya ƙungiya, a karanta sakin layi ɗaya, sa'an nan yaro guda ya zama malami: ya taƙaita abin da aka ce, ya yi wa sauran tambaya, a warware abin da ya shige duhu, a yi hasashen abin da zai biyo. Malami na gaske ya fara nunawa, ya riƙa janye jiki kaɗan kaɗan. Cikin kwana 20 ko ƙasa da haka, yaran da ke cin kamar uku ko huɗu cikin goma a gwajin fahimta suka koma cin bakwai ko takwas. Wanda ya san muraja'ar zaure zai yi murmushi in ya ji wannan. A 2013 kuma John Dunlosky da abokansa suka auna dabarun karatu 10 da ɗalibai ke yi, suka sami cewa ja wa layi alƙalami mai launi da maimaita karatu sau da sau amfaninsu kaɗan ne, waɗanda suka fi su ne mutum ya jarraba kansa, da rarraba karatu cikin kwanaki maimakon kwana guda a zaune. Je ka ɗakin kwanan ɗalibai daren jarrabawa ka gani, biyun farko su ke yi. Dalili kuwa a fili ya ke. Maimaitawa tana sa shafi ya zama sananne ga ido, sai zuciya ta ɗauki sabo a matsayin sani. Rufe littafi ka faɗa da bakinka kuwa yana tona asiri, shi ya sa ba a son sa.

A nan ne na ke rabuwa da yawancin malaman Ingilishi, domin ni cewa na ke ɗalibi ya rufe littafin ya faɗa da Hausa. Na san za a yi mini ca. Tun muna yara a ke cin tarar wanda ya yi Hausa a aji, har yau waɗansu makarantu ba su bari ba. Hujjarsu ita ce mai fassara a zuci ba ya sauri, ba ya kuma saba da tunani da Ingilishi. Akwai gaskiya a ciki, ni ma ban ce a fassara kowace kalma ba. Amma ku duba, jimlar Ingilishi ana iya mayar da ita yadda ta zo ba tare da an taɓa cikinta ba, kamar ɗan aike da wasiƙa a rufe. Juya ta zuwa Hausa kuwa ba ya yiwuwa sai an buɗe. Ba ni da wani awo da ya fi wannan arha, ba ni da wanda ya fi shi wuyar cuta. Tambaya ɗaya da Hausa ita ta kama abin da shekara biyu ta jami'a ba ta kama ba.

Maganar ta wuce nan ma. Yaron da ya fara karatu da harshensa, ya karanta Magana Jari Ce ya yi dariya inda a ke dariya, ya san ɗanɗanon fahimta. Ran da ya tauna shafin Ingilishi ya ji lami, zai san akwai abin da ya ɓace. Amma wanda tun ran da ya shiga aji ɗaya bai taɓa karanta abin da ya gane ba, a wurinsa karatu ke nan, fitar da sauti daga takarda. Me zai sa ya tsaya? Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jarraba koyar da yara da Yarabanci shekara shida a Ife tun daga 1970, yaran kuma ba su kasa takwarorinsu a Ingilishi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi shekara shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar an soke, a koma Ingilishi tun daga tushe. Ina tambayar masu wannan shawara, a makarantar ƙauye ta ƙasar Anka, inda malamin kansa Ingilishinsa na rarrafe ne, me za a samu in ba ƙarin aku ba?

Kada kuma masu sha'awar dabaru su yi murna da ni da yawa, gama ina da tsiya da su su ma. Waɗansu sun ɗauka in an koya wa yaro hasashe da taƙaitawa shi ke nan an gama. Makiyayi kome gwanintarsa ba ya kiwon shanun da babu. Tun 1984 Charles Alderson ya yi tambayar ko wahalar mai karatu da baƙon harshe ta karatu ce ko ta harshe, abin da bincike ya nuna daga baya kuwa shi ne duka biyu ne, kuma dabara ba ta ci sai harshe ya kai wani matsayi. Paul Nation ya lissafta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin Ingilishi ba da taimako ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, don ya san 98 cikin kowace 100 da zai tarar. Yi lissafi da kanka. Shafi mai kalma 300, in ka san 98 cikin 100, shida kaɗai za su tsaya maka, kana iya cinkarsu daga maƙwabtansu. In 90 ka sani, 30 ne, maƙwabtan ma baƙi ne, wa zai nuna maka gidan wani? Kalmomi kuwa ba sa taruwa sai da yawan karatu, littattafai masu sauƙi tukuna, a hau a hankali.

To, ina ɗanmu zai sami wannan? Waɗanda ke jami'a yau su ne waɗanda rashin zaman lafiya ya cinye wa shekarun sakandare. A Satumba 2021 an rufe makarantun jihar Zamfara bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, aka kuma yanke layukan waya na makonni. Waɗansu sun yi ƙuruciyarsu gudun hijira a Anka ko Gummi. Irin wannan yaro zai zauna aji ɗaya da wanda ya tashi a gidan da ke da kantar littattafai. Don haka shi ya fi kowa bukatar kiwon hankali, tun da ramukan da ke hanyarsa sun fi yawa. Tilas ya koyi rarrabe kalmar da za a tsallake da wadda ke ɗauke da nauyin magana duka. Kalmar da ta dawo sau goma a shafi guda ba a wuce ta da zato, sai a buɗe ƙamus, a kuma karanta ma'anoninta duka, kada a tsaya ga ta farko. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan, ko da ya ke ta zo da nata sharrin, gama yanzu na'ura na taƙaita wa yaro littafi ya haddace taƙaitawar, aku ya sami aku mai yi masa aiki.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan karatu kurum? Ku tuna yadda aka gano gubar nan. Yara suna ta suma suna mutuwa, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ga abin da a ke zato bai dace da abin da ido ke gani ba, sai suka tsaya, suka sa aka auna jini. Wanda zai gaje su a asibitocinmu shi ne yaron da ke zaune a zaurena. Shi zai karanta cewa ana fara ba yaro maganin fitar da dalma in ta kai mikirogiram 45 a kowane desilita na jini, tsakanin mikirogiram da miligiram kuwa ninki 1,000 ne, a rubuce kuma baƙi ɗaya ya raba su. Shi zai karanta takardar maganin ƙwari ya gaya wa manomi awo. 'Yan'uwansa su za su karanta yarjejeniyar haƙar ma'adinai kafin hakimi ya sa hannu.

Saboda haka ina roƙon hukumomin jami'o'in da 'ya'yanmu suka fi zuwa, ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato wadda aka kafa a 1975, da ta Tarayya a Gusau ta 2013, da ta jiha a Talata Mafara ta 2018, su ɗauki awa ɗaya a mako daga darasin Ingilishi na 'yan shekarar farko, a raba su biyar biyar ƙarƙashin ɗaliban da suka yi gaba, a ba su shafi guda daga ainihin fannin da su ke koyo, su yi masa irin zaman Palincsar da Brown, ko in kun fi so, irin zaman zaure. Kada a hana su Hausa a wannan awa. Malami kuma, ko sau ɗaya a zango, ya ɗauki nassin da bai taɓa gani ba ya karanta a gabansu, su ga yadda shi ma ya ke cijewa ya koma baya, domin da yawansu sun ɗauka gwani ba ya tsayawa. A jarrabawa a sa tambaya ko guda wadda ba a amsa ta da hadda.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, washegari na sa shi ya sāke ɗaukar takardar. Na ce kowane sakin layi ya tsaya ya gaya mini da Hausa, in ya kasa ya ce ya kasa. Daga la'asar har aka kira magariba shafi ɗaya muka ci, ya buɗe ƙamus sau tara, ya yi fushi sau biyu. Da muka kai inda a ke bayanin abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaron da ya tsira da rai, sai ya yi shiru, ya ajiye takardar. Can ya ce, "Kawu, ashe abin da ya sami yaron gidan Inna na 'Yargalma ke nan, wanda har yanzu ba ya magana sosai?" Na ce shi ne. Ya ɗauki takardar ya koma farkon shafin.